Tambaya da Amsa: Idan Mutum Ya Ji Rauni a Gidanka, Wa Zai Biya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan haya mai ɗaki takwas a Zariya. A daminar da ta wuce murfin sokawen gidan ya rufta da yaron wani ɗan hayata mai shekara 7, ya karye a cinya. 'Yan hayar sun taɓa gaya mini murfin ya tsage, na ce zan turo birkila idan ruwa ya ɗauke. Na ba da naira 50,000 aka kai shi asibiti, amma yanzu uban yana so in biya duk kuɗin magani, har yana maganar kotu. Ni dai na ɗauka ƙaddara ce. Ina da inshorar gobara a kan gidan, wadda banki ya sa na yi lokacin da na karɓi rance. Shin dole ne in biya, kuma inshorar za ta ɗauke mini nauyin? Daga mai gidan haya, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa ƙashin ya kama daidai. Amsar da zan ba ka ba mai daɗin ji ba ce, amma gara ka ji ta a nan kafin ka ji ta daga bakin alƙali: bisa abin da ka rubuta da hannunka, alhakin raunin nan yana wuyanka.

Babu mai musun cewa ƙaddara ce, domin babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Sai dai ƙaddara ba ta taɓa kankare haƙƙin wani a kan wani ba, shi ya sa ma aka ɗora diyya a kan kisan kuskure. Akwai hadisi ingantacce da ya nuna cewa wanda ya faɗa rijiya ya halaka babu diyyarsa a kan kowa, amma malaman Malikiyya sun bayyana cewa wannan yana nufin rijiyar da aka haƙa a inda ya halatta a haƙa ta, ba tare da sakaci ba. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar mutane kuwa, shi zai lamunce duk abin da ramin ya jawo. Mas'alar da ta fi kama da taka ita ce ta katangar da ta karkata. Sun ce idan aka gargaɗi mai ita, kuma yana da sararin da zai gyara amma ya ƙyale, har ta faɗo wa wani, to ya zama mai lamuni. An gaya maka murfin ya tsage, kana da halin ɗora masa ko da katako ne ko kwano a ranar, ka jinkirta.

Dokar ƙasa ma, wadda kotunanmu suka gada daga Ingila a wannan fanni, a nan ta tsaya. Alƙali zai tambayi abu uku: shin akwai nauyin kula da lafiyar wannan mutum a kanka, shin ka gaza sauke nauyin kamar yadda mai hankali zai sauke, kuma shin gazawar ce ta jawo raunin. Abin da ke cikin ɗakin ɗan haya yawanci shi ke iko da shi, amma tsakar gida, zaure, matakala, rijiya, banɗaki da sokawen da kowa ke amfani da su suna hannun mai gida. Da babban mutum ne ya san murfin ya tsage ya taka shi da gangan, kotu za ta iya rage abin da za a ba shi saboda nasa gangancin, amma ba a auna yaro ɗan shekara 7 da ma'aunin babba. Ka kuma sani cewa abin da kotu ke iya yankewa bai tsaya ga rasit ɗin asibiti ba, yana iya haɗawa da diyyar wahalar da yaron ya sha da ta nakasa idan ƙafar ba ta koma yadda take ba.

Game da inshora, ina jin tsoron wadda ke hannunka ba za ta yi maka wannan aikin ba. Inshorar gobarar da banki ke sharɗantawa an yi ta ne domin ginin kansa, saboda idan ya ƙone bankin ya samu abin da zai maye gurbin jinginarsa. Raunin da wani ya ji a cikin gidan babi ne daban, wanda ake kira inshorar alhakin mai gida ga wasu mutane, kuma sai an rubuta shi ƙarara a takardar yarjejeniya yake aiki. Ɗauko takardarka ka duba shafin da ya lissafa abubuwan da aka lamunce da adadin kuɗin kowanne. Idan akwai wannan babi, ka rubuta wa kamfanin yau ɗin nan, domin kusan kowace yarjejeniya tana sharɗanta sanarwa cikin gaggawa, tana kuma hana mai inshora ɗaukar laifi a rubuce ko ƙulla sulhu ba da sanin kamfani ba. Ka tabbata kuɗin shekarar ya shiga kafin ranar da abin ya faru, tunda ƙa'idar Najeriya ita ce wanda bai biya ba babu inshora a kansa. Ko da duk waɗannan sun cika, kamfani na iya ja da kai a kan cewa ka san da lalacewar ka bar ta. Idan ka ga an zalunce ka, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, tana da sashen karɓar koke.

Akwai wani abu da masu gidajen haya da yawa ba su taɓa ji ba. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta yi wa abin da ya kira ginin jama'a inshora, kuma ma'anar da ya bayar ta haɗa da gidan haya, da ɗakin kwanan ɗalibai, da duk ginin da mutane ke shiga don karatu, magani ko ciniki. Inshorar da ake nufi ta ƙunshi rauni ko mutuwar masu amfani da ginin, kuma hukuncin ƙin yin ta a wancan lokacin tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba ce, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyu. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a shekarar 2025 ta maye gurbin waccan, amma ba ta ɗauke wajibcin ba. Gaskiya ne ba a cika tilasta wannan doka ba, sai dai lauyan da ke ƙararka zai tuna da ita.

Shawarata ita ce kada ka bari maganar nan ta kai kotu. Ka nemi mai unguwa da limami da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, a tattara rasit ɗin asibiti, ka biya. A rubuta sulhun a sa hannu gaban shaidu, a kuma sa kuɗin da ke gaba a ciki, kamar na komawa ganin likita, hoton ƙashi, da cire ƙarfe idan an saka masa, domin a wannan gaɓar ce sulhu ke yawan warwarewa bayan wata shida. Kada kuma ka kori mutumin nan daga gidan don ya nemi haƙƙin ɗansa. Murfin kuwa a sake zuba shi da rodi a wannan makon, sannan ka zagaya gidan ka duba bakin rijiya, ƙafar tankin ruwa, wayoyin lantarki da ke lilo, da katangar da ruwa ya ci gindinta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka, mun sayi gida da bashin banki. Ranar sunan jikata wata ƙawata ta zame a kan ƙanƙarar da ta daskare a matakalar ƙofarmu, ta karye a hannu. Ta ce ba komai, amma na san kuɗin asibiti a nan yana da yawa. Maigidana ya ce idan muka sanar da kamfanin inshora kamar mun sa ta ta yi ƙararmu ne. Yaya za mu yi? Daga wata Hajiya, Ohayo.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya jika, ya ba ƙawarki sauƙi. Kunya da kara halinmu ne mai kyau, amma a wannan wurin za su cutar da ita ne kawai, domin kuɗin da kuke biya kowace shekara an tanade shi ne saboda rana irin wannan.

Inshorar gida a Amurka ta bambanta da wadda mai tambaya na farko ya yi, saboda a dunƙule take zuwa: ginin, kayan ciki, da alhakin mai gida duk a takarda ɗaya. Doka ba ta wajabta ta ba, bankunan da ke ba da bashin gida ne ke sharɗanta ta. Babi biyu ne suka shafe ku. Na farko shi ne na kuɗin maganin baƙo, wanda yawanci yake tsakanin dala 1,000 zuwa 5,000, kuma ana biyansa ba tare da an tambayi wa ke da laifi ba, don haka babu ƙara, babu lauya, babu abin da zai taɓa zumuncinku. Na biyu shi ne na alhaki, wanda galibi yake farawa daga dala 100,000. Wannan yana aiki ne idan ya tabbata sakacin mai gida ne ya jawo raunin. Idan ma aka shigar da ƙara, kamfanin ne ke ɗaukar lauya ya biya shi.

Ku kira kamfanin ku faɗi abin da ya faru yadda ya faru, da rana da lokaci, ba ƙari ba ragi. Idan kuka yi shiru, kamfanin inshorar lafiyar ƙawarki na iya biyan asibiti sannan ya biyo ku neman kuɗinsa ko da ita ba ta so, kuma a lokacin naku kamfanin zai tambaye ku dalilin ɓoyewa. Mai yiwuwa ne a ɗan ƙara muku kuɗin shekara mai zuwa, amma wannan bai kai nauyin barin baiwar Allah da bashin asibiti ba. Ki kuma lura cewa babin alhaki bai shafi mutanen gidan kansu ba, kuma yawanci bai shafi sana'ar da ake yi a cikin gida ba. Idan kina rainon yaran mutane ko kitso don kuɗi, sai kin sanar da kamfani an ƙara miki wannan. Gidan da ke yawan tara jama'a kamar naku ya dace ya ɗaga adadin zuwa dala 300,000 ko fiye.

TAMBAYA: Malam, na ji malamai suna cewa inshora haramun ce. To ta yaya mai gidan haya zai bi doka ba tare da ya saɓa wa addininsa ba? Daga wani ɗan kasuwa, Katsina.

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ka ji yana da tushe. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jidda ta yanke a shekarar 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin, wato rashin tabbas, da ke cikin cinikin, amma a cikin wannan hukuncin ne ta halatta inshorar taimakon juna da aka gina a kan sadaukarwa. Akwai kuma manyan malamai, irin su Sheikh Mustafa Zarƙa na Siriya, da suka halatta inshorar gaba ɗaya. Na fi natsuwa da hanyar da ta fitar da mutum daga saɓanin, wato takaful.

A takaful, abin da kake bayarwa gudummawa ce ga asusun da mahalarta suka mallaka tare. Daga nan ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa, kamfani yana karɓar ladan gudanarwa ne, ana juya kuɗin a harkokin da babu kuɗin ruwa a ciki ƙarƙashin sa idon kwamitin malamai, idan kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya mayar wa mahalartan da ba su karɓi diyya ba. A Sudan aka kafa kamfanin farko na wannan tsari a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Idan ka je wurin kowane kamfani, kada ka ce kawai kana son inshorar gida, domin za a iya ba ka ta gobara ka tafi. Ka faɗa musu gidan haya ne, ka faɗi yawan ɗakuna da mutanen da ke ciki, ka nemi a nuna maka layin da ya ambaci rauni ko mutuwar 'yan haya da baƙi, da iyakar kuɗin da za a biya a kan kowane haɗari, sannan ka sa a karanta maka jerin abubuwan da aka keɓe kafin ka sa hannu.