Amsa kan kuɗin da ya koma minus a saitin manhaja

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka kan manhajar da ka haɗa wa Alhaji, dillalin hatsi na Tudun Hatsi, wadda ka ce ya sa iyakar cinikin rana naira miliyan 25, da ya kashe ya kunna sai ya tarar da lamba mai minus. To, kwamfutarsa lafiyarta ƙalau, don Allah kar ka bari ya kai a sake masa Windows.

Ga inda gizo ke saƙar. Laburaren naka, wato ɓangaren manhajar da ke adana saiti, yana ajiye lamba a Registry, ma'ajiyar saitin Windows, a matsayin REG_DWORD, wato nau'in lamba mai bit 32, sannan ya karanto ta da int na yau da kullum, nau'in lambar da ke ɗaukar minus. Shi kuwa int iyakarsa 2,147,483,647. Kai kana lissafi da kwabo, kuma haka ya dace. Amma raba wannan lambar da 100 ka gani, naira miliyan 21 ne da dubu 474 da 'yan kai. Miliyan 25 kuwa kwabo biliyan 2 da rabi ke nan, ta tsallake iyakar int, sai lissafin ya juya zuwa minus. Shi ya sa kake ganin minus 1,794,967,296. Duba allonsa, na san ita ce.

Sai ka ƙara wa laburaren hanyar rubuta REG_QWORD, mai bit 64, byte 8. Wannan ba wuya, layi kaɗan ne.

Wajen karantawa ne nake so ka natsu sosai. Akwai shagunan da tun tuni suka ajiye saitinsu da DWORD, in ka ce QWORD kaɗai za ka karɓa, ranar da suka sabunta manhaja saitinsu ya tafi. RegQueryValueEx, umarnin Windows da ke karanto abu daga Registry, yana faɗa maka nau'in abin da ya samo da girmansa, to ka tambaye shi tukuna. In DWORD ne, ɗauko byte 4 a matsayin lamba marar alama, wato wadda ba ta ɗaukar minus, sannan ka faɗaɗa ta zuwa 64. Ta haka ma miliyan 25 ɗin Alhaji za ta dawo daidai, domin DWORD yana ɗaukar har 4,294,967,295, a karatu ne aka ɓata ta. Kuma ka tanadi wurin byte 8, in ba haka ba, zai dawo maka da ERROR_MORE_DATA, wato saƙon cewa wurin ya yi kaɗan.

Tsohon umarnin laburaren da ke karanta int kar ka taɓa shi, wasu manhajojin sun dogara da shi. Ka yi sabo a gefensa.

Af, na ga kana ajiye BVN da lambar waya a matsayin lamba. Mayar da su rubutu. Ba a tara su ba a debe su, kuma sifilin farkon lambar waya zai ɓace.

Kafin ka kai wa Alhaji, gwada 2,147,483,647, ka ƙara ɗaya, sannan ka gwada kwabo biliyan 5 a kan tsohon saiti da sabo. Turo min abin da ya fito a nan, in duba bayan Isha'i in sha Allahu.