Digiri na biyu ba ya ba da lasisin aikin fisiyo

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin ce ke nas ce mai digirin farko, shekara shida kina aiki a wani asibitin gwamnati a nan Kaduna, galibi a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka yi hatsarin mota. Kina son yin digiri na biyu a fannin farfaɗo da majiyyata, kina kuma tambaya ko wannan digirin zai ba ki damar yin aikin fisiyo, wato abin da mutane ke kira gashin ƙashi.

Bari a fara da ta biyun, domin a nan ne kuɗi da shekarun mutane ke salwanta. A'a, ba zai ba ki ba. Hukumar da ke rajistar masu wannan aiki a Najeriya ita ce MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta shekarar 1988. A ƙarƙashinta masu fisiyo suke, da masu koya wa majiyyaci komawa ayyukan yau da kullum, da masu gyaran magana, da masu auna ji, da masu ƙera ƙafar roba da takalmin gyara. Abin da take dubawa shi ne karatun farko na sana'ar daga makarantar da ta amince da ita, sai shekarar sanin makamar aiki a asibiti. Nas da ta yi digiri na biyu, kowane suna aka raɗa wa digirin, tana nan a ƙarƙashin hukumar nas-nas da ungozomomi, kuma iyakar aikinta a gaban doka ba ta canza ba. Duk wanda ya ce miki akwai kwas na shekara ɗaya da zai mai da ke likitar fisiyo a ƙasar nan, ki nemi ya nuna miki amincewar MRTB a rubuce kafin ki biya ko sisi.

Idan lasisin ne kike so tsakani da Allah, hanya ita ce komawa digirin farko ta fom ɗin JAMB na masu shiga kai tsaye, a fara yawanci daga aji biyu. Tsohon tsarin shekara biyar ne, sabon tsarin DPT, wato digirin dakta a aikin fisiyo, shekara shida, kuma ba a yin sa a ƙarshen mako, domin akwai darasin sassan jiki da zaman asibiti kullum. A Ingila akwai digiri na biyu na shekara biyu da aka tsara wa masu sauya sana'a, wanda ke kai mutum ga rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar masu fisiyo a can, amma tsadarsa ta fi ƙarfin albashin ma'aikacin jiha. Kada a rikita shi da digiri na biyu na shekara ɗaya da jami'o'insu ke tallatawa, wannan na waɗanda suka riga suka zama masu fisiyo ne.

Ni a ganina ba sauya sana'a kike bukata ba. Ɗakin da kike aiki ya fi bukatar nas da ta san farfaɗowa: juya majiyyaci duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, gwada haɗiya kafin a ba shi koko, tallafe kafaɗar da ta shanye don kada a ja shi da ita, horar da mafitsara don ya iya riƙe fitsari, da koya wa 'yan jinya abin da za su ci gaba da yi a gida. Mai fisiyo yana zuwa na rabin awa ko awa ɗaya, sauran yinin da dare duk a hannun nas suke. Don zurfafa a nan, hanya biyu ce a kusa da ke. Ta farko ita ce kwasa-kwasan ƙwarewa na nas, masu ɗaukar shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, jinyar masu taɓin hankali a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, wanda ya dace da mai son aiki da masu fama da shaye-shaye, jinyar kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa, ukun ƙarshen nan duk cikin Kaduna. Ba digiri ba ne, amma suna ƙara miki rajista a lasisinki, kuma hannunki zai ƙware. Ta biyun ita ce digiri na biyu a kimiyyar jinya a ABU Zariya ko BUK, ki ɗora bincikenki a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Mai hangen ma'aikatar lafiya ko ƙungiyoyin agaji kuwa, digiri na biyu na MPH a sashen kiwon lafiyar al'umma na ABU ya fi yi masa amfani, sai ya karkata bincikensa zuwa farfaɗo da masu nakasa a cikin unguwanni da ƙauyuka.

Ga 'yan'uwa masu fisiyo da ke karanta wannan, mafi kusa da mu BUK ce, tana ba da digiri na biyu da na uku. Sai Ibadan, wadda ta fara digirin fisiyo tun 1966, da Ife, da Legas, da reshen Inugu na Jami'ar Najeriya. Masu sha'awar ji da magana su duba sashen ilimin masu bukata ta musamman na Ibadan, amma su fara tambayar MRTB matsayin takardar.

Yanzu ga inda aiki ke lalacewa.

Na farko, rashin bambance digirin bincike da na ƙwarewar aiki. Na bincike, wato MSc, yana da kundi da kare shi a gaban malamin wata jami'a, shi ne tsani zuwa digirin digirgir da koyarwa. Na ƙwarewa ya fi sauƙin haɗawa da aiki, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsa kai tsaye don digiri na uku. Ko a MSc ɗin ma, galibi ana neman maki 3.5 cikin 5 kafin a wuce gaba, don haka zangon farko ba na wasa ba ne. Sai takardar cikakken sakamako: tsohuwar jami'arki ce za ta aika da ita kai tsaye, ba ke za ki riƙo ta a hannu ba, kuma tana iya ɗaukar watanni. Ki nema tun kafin a fara sayar da fom, ki haɗa da takardar bautar ƙasa, da sakamakon sakandare, da lasisin bana, da wasiƙun malamai biyu ko uku da suka san ki.

Maganar hutun karo karatu tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Ki rubuta neman izini ta hannun shugabar sashenki tun kafin ki sayi fom, ki ajiye kwafin amincewar. Wanda ya yi karatu a ɓoye yana musayar ranakun aiki da abokan aiki, ranar da ya kawo takardar don ƙarin girma sai a ce ba da sanin hukuma ya yi ba. Hutun da ake biyan albashi yana zuwa da yarjejeniyar dawowa a yi aiki na wasu shekaru, ki karanta ta da kyau kafin sa hannu. Tallafin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kada ma'aikacin asibiti ya ɗora lissafinsa a kai. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, na neman aikin shekara biyu, awa 2,800 ke nan, da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu bayan an gama. Duk takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta, kuma kin san a watan Janairun 2024 ta dakatar da tantance na Jamhuriyar Benin da Togo.

Bincike shi ne ke mai da karatun shekara biyu ya koma huɗu. Darussa ana gama su cikin zango biyu, kundi ne ke riƙe mutum. Kafin ki zaɓi jami'a, ki san malamin da zai duba aikinki: me yake rubutu a kai, ɗalibai nawa ne a hannunsa, yana nan ko yana hutun shekara. Ki zaɓi batun da majiyyatansa ke zuwa asibitinki da ƙafarsu. Idan tsarinki ya ce sai majiyyaci ya dawo sau biyu a mako har mako takwas, ki tuna da mai zuwa daga Kachiya ko Saminaka ko Birnin Gwari, kuɗin mota kaɗai zai zaunar da shi a mako na uku, mai karaya kuma dangi na iya ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Shi ya sa ake ƙara kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a kan adadin majiyyatan da lissafi ya bayar, a kuma karɓi lambar waya biyu, ta majiyyaci da ta ɗan jinya. Ba a tattara bayanin ko mutum ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ko na Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ya ba da izini a rubuce, domin bayanan da aka tara kafin ranar izinin ana iya watsar da su gaba ɗaya.

Ma'aunin da za ki yi amfani da shi wajen auna halin majiyyaci ma ki duba. Na Barthel yana da abubuwa 10, irin su cin abinci, wanka, sa tufafi, shiga bayi da hawa bene, maki daga 0 zuwa 100, kuma nas na iya cike shi a bakin gado. Wanda majiyyaci ke amsawa da kansa kuwa, ki nemi wanda aka riga aka fassara zuwa Hausa aka gwada ingancinsa, kamar na Oswestry na ciwon baya. Idan kowace mai taimaka miki tana fassara tambaya da baki yadda ta ga dama, amsoshin ba za su haɗu ba, kuma wannan ce tambayar farko da malamin waje zai jefo miki ranar kare kundi.