Zan iya ɗora sabon glibc da hannuna?

Tambaya: Ubuntu 20.04 nake amfani da shi. Na sauke wata manhaja, da na kunna ta sai ta ce "GLIBC_2.34 not found". Wani abokina ya ce in sauko da sabon glibc in ɗora a kan tsohon. In yi?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ka fara. glibc laburare ne da kusan kowace manhaja a Linux take aron aiki a wurinsa: buɗe fayil, neman wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, fitar da rubutu a allo. Su bash, ls, cp, sudo da apt duk da shi suke tashi. Idan ka lalata shi, cp ɗin da za ka dawo da tsohon fayil da shi ma ba zai tashi ba. Na taɓa yin wannan gangancin ina ɗalibi, sai da filashi na tayar da injin, na kwana ina gyara.

Rubuta ldd --version, za ka ga 2.31, wanda 20.04 ya zo da shi. Manhajarka kuwa a kan sabon tsari aka haɗa ta, wataƙila 22.04 mai 2.35. Tsohuwar manhaja tana aiki a kan sabon glibc, sabuwa ce ba ta yarda da tsoho. Lambar 2.34 tana yawan fitowa ne saboda sigar da aka saki a Agustan 2021 ta sauya aikin da ke tayar da kowace manhaja, don haka ko 'yar ƙaramar manhaja aka haɗa a kansa sai ta nemi wannan lambar.

Kuma apt upgrade ba zai ɗaga lambar ba. Gyaran tsaro da na kurakurai kawai ake shigarwa cikin libc6, wato kunshin da ke ɗauke da glibc a Ubuntu, lambar tana nan a 2.31. Da gangan ake hakan, don kada komai ya karye.

Ni dai shawarata, ka adana fayilolinka a wani wuri, ka koma 22.04 da do-release-upgrade. Dama tallafin da aka saba ba 20.04 kyauta ya ƙare a Mayun 2025. Ka cika batir tukuna, domin wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauya libc6 ba ƙaramar masifa ba ce.

In ba ka shirya ƙaura ba, kunna manhajar a cikin Docker (manhajar da ke kunna wata manhaja a keɓe tare da laburarenta) da ubuntu:22.04, ko ka samo lambobin tushenta ka haɗa ta a injinka. Mai son haɗa glibc da kansa ya ajiye shi a /opt, kada ya kusanci /usr.