Ledar jini ɗaya, yara biyu

Assalamu alaikum Inna,

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara na wani asibiti a nan Tawa, shekarata tara ina aiki. A watan Satumban da ya wuce, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika mana ɗaki har yara biyu-biyu a gado ɗaya, ina aikin dare aka kawo mini yara biyu, tsakaninsu bai kai awa guda ba. Dukansu tafin hannu fari fat, numfashi sama-sama. Jininsu iri ɗaya ne, kuma ƙaramar leda ɗaya tak ta rage a firji. Na kira likita, hannunsa na kan wani aikin, ya ce in duba wanda ya fi matsuwa. Na sa wa yarinyar. Yaron, wanda aka ɗauko a babur daga wani ƙauye wajen Keita, ya cika kafin kiran asalatu. Ubansa na ci-rani a Abijan, uwar kuma ita kanta ba ta da jinin da za a ɗiba. Ta goya shi kamar mai barci, ta dube ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Wannan sannun ita ta hana ni barci har yau.

Ba shi kaɗai ba ne. Ana cewa maganin yara kyauta ne, amma sau nawa nake rubuta takardar magani in miƙa wa uban da na san sai ya kai akuya kasuwa? Wani watan jika goma ko fiye na albashina ke tafiya a nan. Shekaranjiya kuma na daka wa wata uwa tsawa don ta makara da kawo ɗanta, har ta yi ƙwalla. Abokan aiki na cewa ƙaddara ce, maigidana ya ce in ajiye aikin. Inna, ina da alhakin yaron nan? In bari?

Ƴarki daga Tawa

Wa alaikumus salam ƴata,

Ba ki da alhakin yaron nan. Zazzaɓi ya cinye masa jini, firji kuma ba komai a ciki sai leda ɗaya, ba ke kika kwashe sauran ba. Da kin tsaya kina jinkiri don tsoron zaɓi, da wataƙila gawa biyu aka fitar. Ki tuna ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara: Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Abin da ke cin ki yana da suna, a Turance ana ce masa "moral distress". A 1984 wani masani ɗan Amurka, Andrew Jameton, ya bayyana shi a tsakanin masu jinya: mutum ya san abin da ya dace ya yi, amma wurin aikin ya ɗaure masa hannu. Wannan ya wuce gajiya, shi ya sa hutun kwana biyu ba ya gusar da shi. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, sai dai kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitoci ya yi ta makara, ɗakin magani ya bushe. Wanda ya riƙe kuɗin ba ya ganin idon uwa. Ke ce ke gani, shi ya sa nauyin ya sauka a kanki.

Ban yarda da masu rufe zancen da "ƙaddara ce" ba. Ajali gaskiya ne, amma firji babu jini a tsakiyar damina aikin mutane ne, kowa ya san watannin da zazzaɓi ke zuwa. Saboda haka ki rubuta. Duk daren da jini ko magani ya yanke, ki sa a littafin aiki da rana da awa, ku sa hannu ku biyu ko uku, ku kai wa shugaban sashe. Ku nemi likita ya zauna da ku da rana tsaka, a tsayar da ƙa'idar wanda za a fara sa wa jini idan leda ɗaya ce, don kada a sake barin mace ɗaya da wannan hukunci da ƙarfe 3 na dare. Tun watan Yuli kuma ku je wa limaman unguwa su yi kiran ba da jini bayan Juma'a. Namiji lafiyayye na iya bayarwa duk wata uku.

Kuɗinki ki yanka masa iyaka, jika biyu ko uku a wata, in ya ƙare ya ƙare. Ke ma kina da bakin ciyarwa.

Tsawar nan ce kaɗai taki. Matar da ta makara wataƙila kwana biyu ta yi tana neman kuɗin mota, ko tana jiran izinin mijin da ke Libiya. In tana nan, ki je bakin gadon ki ce ta yafe miki.

Maganar ajiye aiki, kada ki yanke ta cikin rashin barci. Ki karɓi hutunki na shekara, ki ba maigidanki labarin daren nan tun daga farko, don ina jin bai san rabinsa ba. In kin dawo barcin bai dawo ba, ki ga likitan da ke kula da damuwa, ki kuma nemi a canza miki sashe na wata shida. Bayan nan ki sake rubuto mini.

Innarki