Amsa kan f(g(x)) da juyin f(x)

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa amsarka ta f(g(x)) ta saɓa wa ta malaminku, inda f(x) = 2x + 3, g(x) kuma x². Tun daga farawa ka kauce, domin da na ciki, wato g, ake fara aiki: ka ɗauki x² ka saka a gurbin x ɗin f, sai ka samu 2x² + 3. Abin da ka rubuta, wato 4x² + 12x + 9, amsar g(f(x)) ce, kuma a nan ɗalibai suke yawan tuntuɓe.

Shi kuwa juyin f, wato lissafin da ke mayar da amsar f zuwa lambar da aka fara da ita, sai ka warware aikin ta baya: ka cire 3, sannan ka raba da 2, ka samu (x − 3)/2. Gwada da 4 ka gani, f za ta ba ka 11, juyin kuma ya mayar da 11 zuwa 4.