Amsoshin Tambayoyinku: Kaushi, Faso da Ƙaiƙayin Hunturu

Tun da jaura ta sauka Katsina, yawancin saƙonnin da ke shigowa a kan fata suke. Ga uku daga ciki.

Wata uwa daga Ƙofar Marusa ta rubuto: "Yarana sun yi furu-furu, da daddare sai susa. Mai kanti ya nuna mini wani man shafawa na waje mai tsada, ya ce shi ne magani. In daure in saya, ko in tsaya ga basilin ɗin da na saba?"

Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu ta Sahara ta ratso, ba laima a tare da ita, har danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Ita ke zuƙe ruwan fata, fatar ta tsattsage, ƙaiƙayi ya biyo baya. Man kwalba mai ruwa-ruwa yana da daɗin shafawa, amma yawancinsa ruwa ne, kafin yaro ya isa makaranta iska ta shanye. Mai kauri ake nema, basilin ko man kaɗe.

Sai dai ga inda ake yin asara. Mai ba ya zuba wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi, kamar murfi a bakin tulu. In kika bari yaro ya bushe ƙarau yana rawar ɗari a tsakar gida sannan kika shafa, kin rufe tulun da ba komai a ciki. Da ya fito wanka ki ɗan daddanna masa tawul, kada ki goge, ki shafa cikin minti 3 jiki na da sauran lema. Ki bi ƙwauri da gwiwar hannu da bayan hannu sosai, nan ne suka fi jin jiki.

Wankan ma a gyara shi. Ruwa mai ɗumi, ba mai tururi ba, minti 5 zuwa 10. Na san da asubar sanyi ruwan zafi ne daɗi, amma shi ke wanke man da fata ke yi wa kanta. A ajiye soso mai kaushi har zafi ya dawo. Sabulun wanki ba na jiki ba ne, sabulun salo ma yana busarwa idan aka yawaita. A sa musu rigar auduga kafin suwaita, a yanke farce. Zama dab da wuta yana ƙara bushewa, kuma don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa.

Wajen saye, ki ɗauki basilin fari marar turare mai lambar NAFDAC, ki bar na awo mai launi. Man kaɗe kuwa, wanda akasari daga jihar Neja ake kawo mana shi, ki lakato kaɗan ki murza a tafin hannu. Mai kyau nan take yake narkewa. In kika ji warin tsami, ya tsufa. Gilisirin kada a shafa shi zalla, a sirka da ruwa sannan a bi da basilin.

Wani dattijo daga Daura ya ce: "Faso ya tsaga mini dunduniya har jini, alwala ta zama wahala. An ce in kankare da reza."

Baba, a yi haƙuri a bar reza, rauni take ƙarawa. Bayan sallar isha'i a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, a goga dutse a hankali inda fatar ta yi kauri kawai, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwana da ita. Da rana takalmi rufaffe ya fi silifa. Idan tsagar ta haɗe, a nemi mai ɗauke da sinadarin yuriya a kemis, kashi 10 zuwa 25 cikin 100, yana tausasa kaushi; a kan buɗaɗɗen rauni zafi yake yi. Amma in akwai ciwon suga, ko wurin ya kumbura yana ruwa, a tafi asibiti yau, kada a jira gobe.

Wata ɗaliba daga Sabuwar Unguwa ta ce: "An ba ni wani ɗan man tub a kemis. In na shafa ƙaiƙayi ya lafa, in na bari ya dawo, wurin kuma ya fara haske. Yanzu ƙannena biyu ma susa suke."

'Yata, saƙonki ya fi damuna. Duba jikin kwalin, in kin ga betamethasone ko clobetasol, magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Daɗewa ana shafa shi yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya kuma ɓoye ainihin ciwon. Kada ki sake saye, ki kai wa likita kwalin.

Bushewar hunturu kuma ba a ɗaukarta daga wani. Tunda ƙannenki sun kama, ki duba tsakanin yatsu, wuyan hannu da kewayen cibiya. Ƙananan ƙuraje masu tsananta ƙaiƙayi da dare alamar ƙazuwa ce, ƙaramin ƙwaro ne ke shiga fata, basilin ba ya kashe shi. A asibiti za su duba, in ita ce su rubuta permethrin ko benzyl benzoate. Kowa a gidan zai shafa rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙaiƙayin kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya ɗauke gaba ɗaya; in ya wuce haka ko sababbin ƙuraje sun fito, ku koma wurin likitan.