Shin talauci ne yake sa yanki ya canza jam'iyyar da yake zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, na ga ana cewa a Amurka garuruwan da kuɗin shigar mutane ke ta ƙaruwa Democrat suke zaɓa, waɗanda aka bari a baya kuma sun koma Republican. Shin talauci ne ya kawo haka ko kuwa dai dacewa ce kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abin da ka gani gaskiya ne kuma ba dacewa ba ce. Cibiyar bincike ta Brookings ta yi lissafi bayan zaɓen 2016, ta gano gundumomin da Hillary Clinton ta jam'iyyar Democrat ta ci ba su kai 500 ba amma su ke samar da kusan kashi 64 cikin ɗari na arzikin ƙasar, sauran sama da 2,500 da Trump na jam'iyyar Republican ya ci kashi 36 ne nasu. A 2020 ratar ta ƙaru, na Biden suka kai wajen kashi 70.

Toh amma a nan ne mutane ke kuskure, sai su ce shikenan talakawa ne suka zaɓi Trump. A'a. Taswira ba ta gaya maka aljihun kowane mutum ɗaya, kuma a cikin garin da ya durƙushe sau da yawa mai shago da mai gona da ɗan kwangila ne kan gaba wajen zaɓen Republican, talakan tilis kuwa galibi ko rumfar zaɓe ba ya zuwa. Abin da ya fi tasiri shi ne inda garin ya dosa, gaba yake yi ko baya, shekara ashirin ko talatin a jere. Mutum zai iya samun abin rufin asiri amma yana kallon masana'antar da ta ciyar da babansa an rufe ta, asibiti ya tashi, darajar gidansa ba ta motsi, 'ya'yansa sun gama jami'a sun tafi babban birni ba su dawo ba, toh wannan mutumin wallahi ko nawa ne albashinsa yana jin an manta da su, kuma duk ɗan siyasar da ya zo ya ce masa laifin manyan birane ne da cinikin ƙasashen waje zai saurare shi.

Kaga daga 2000 zuwa 2010 Amurka ta rasa ayyukan masana'antu sama da miliyan 5, wani ɓangare saboda injina, wani kuma saboda kayan Sin bayan ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001. Masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa sun nuna cewa wuraren da wannan gasa ta fi buga su sun fi karkata zuwa 'yan siyasa masu zafin ra'ayi. Sabbin ayyukan kwamfuta da banki kuma suka tattara a San Francisco da Boston da New York. Jihar West Virginia mai haƙar kwal ta zaɓi Bill Clinton na Democrat har a 1996, zuwa 2016 kusan kashi 68 ta ba Trump.

Ba Amurka kaɗai ba. A ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016 Landan ta ce a zauna da kusan kashi 60, tsofaffin garuruwan masana'antu na arewacin Ingila suka ce a fita. A Jamus ma jam'iyyar AfD mai zafin ra'ayi da adawa da baƙi a gabashin ƙasar ta fi ƙarfi, har ta zo ta ɗaya a jihar Thuringia a 2024.

Wani abu da nake so ka riƙe, ƙaura ma tana taka rawa sosai. Matasa masu digiri, waɗanda dama sun fi karkata ga masu sassaucin ra'ayi, su ne ke tattara kaya su tafi inda aiki yake, sai birni ya ƙara kuɗi ya ƙara zama na ɓangare ɗaya, ƙauye ya tsufa ya koma ɗaya ɓangaren, alhali watakila ba wanda ya canza ra'ayinsa. Ga addini da batun baƙi da launin fata duk sun cakuɗe a ciki, shi ya sa ni ban yarda da masu cewa a zuba kuɗi kawai ƙuri'a za ta dawo ba. Gwamnatin Biden ta yi dokokin da suka kai jarin masana'antu da yawa yankunan Republican, amma a 2024 galibinsu Trump suka sake zaɓa.